Garmar da Kawu Habu Ya Bari a Gandu

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Yake ganin abin da ke faruwa a gona ko da babu idon mutum a wurin. Na rubuta wannan domin ku, ƙannena da 'ya'yanmu na Matazu, saboda na ga kowa ya fara ba da labarin tafiyar nan yadda ya ga dama, alhali ƙurar hanya ba ta gama fita daga ƙafata ba.

Manyanku sun san asalin maganar, yaran kuwa ba su sani ba. Shekara arba'in ke nan aka tarar da Kawu Mamman, wan mahaifiyarmu, shi da samarin 'ya'yansa biyu, an kashe su a gonar gandu a bayan garin Tsiga. Kawu Habu, ƙanen Kawu Mamman da Inna, autan gidansu, ya gudu a ranar, ba a sake ganinsa ba. Ina goye a lokacin. Tun daga nan Inna ba ta ƙara ambaton sunansa ba, ita da ta goya shi a bayanta.

Bana da damina ciwo ya kwantar da ita. Ana cikin haka wani mai fataucin goro ya sauka a zaurena, ya ce akwai wani tsoho a gindin dutsen Funtua da ya roƙe shi ya gaya wa yayarsa ta Matazu cewa yana neman gafararta. Na kai wa Inna saƙon. A rana ta huɗu ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari.

"Malam, gafarar me yake nema? In ta jini ce, ba ni da ita. In ta wani abu ce, ina so in sani kafin ku kai ni. Je ka jiyo mini."

Daga Matazu zuwa Malumfashi, kwana biyu

Na fita ranar Asabar tun kafin assalatu, taurari ba su dushe ba. Na bi ayarin Tanko, mai jakai shida ɗauke da kanwa, domin mutum ɗaya ba ya ratsa dajin nan saboda mahara. Muka yi sallar asuba a bakin rafi, muka wuce Musawa da hantsi, inda na sayi fura ta wuri goma da nono na wuri biyar.

Jakin da Tanko ya ba ni ba ya wuce ciyawa sai ya gaishe ta.

"Malam, yi masa tofi mana," in ji Tanko, "ko ya san mai ilimi ne a bayansa."

"Na yi masa tun Matazu. Ina jin ba ya sallah."

"Ai iyayensa ma ba su yi."

Muka kwana a wani zango da ke da shingen ƙaya. Kashegari, tun da rana ta ɗaga, ƙasa ta fara sauyawa. Rairayin wajenmu ya ƙare, muka shiga jar ƙasa mai danƙo. An yanke gero, dawa kuwa tana tsaye, ta fi mahayin doki tsawo, hanya ta zama kamar lungu a tsakaninta. Muka yi tafiyar rabin yini ba mu ga komai ba sai kara a dama, kara a hagu, da sama a bisa. Na yi ta tasbihi. Ƙwaya guda mutum ya jefa a rami ya taka da diddige, ga abin da Ubangiji Ya mayar masa.

Mun isa ƙofar Malumfashi da la'asar sakaliya. Mai tsaron ƙofa ya soka sanda cikin mangaloli, ya karɓi abin da ake karɓa a kan kowane jaki, sannan ya dube ni.

"Kai kuma me ka kawo?"

"Tambaya."

"Wannan ba a biya mata. Shige."

Malumfashi, Litinin

Matar marigayi Kawu Mamman, Iya Tabawa, tana nan da rai. Bayan abin da ya faru ta sake aure a Malumfashi, yanzu tana zaune a gidan ɗanta a bayan marina. Na same ta da hantsi tana kaɗi a inuwar rumbu. Da na faɗi ko ni wane ne, ta ajiye mazari, ta kama fuskata da hannu biyu.

"Kai ne jaririn da ya ɓata mini sabon zane ranar sunansa? Ga shi har da furfura! Yaya uwarka?"

Na gaya mata halin da Inna ke ciki da abin da ya kawo ni. Dariyar ta ɗauke. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta jira na sha.

Ta ce ita ce ta kai musu fura a ranar, rana ba ta kai tsaka ba. Tun daga nesa ta ji shirun ya yi yawa, ba ƙarar garma, ba waƙa. Ta tarar da mijinta kife a gindin ɗorawa. 'Ya'yanta biyu suna can gaba kaɗan, kansu na fuskantar gari, kamar gudu suke yi. Garma uku na kwance kusa da masu su. Ta huɗu kuwa tana tsaye, an kafa ta a ƙasa daidai gaban Mamman, kuma ta Habu ce.

"Kwana bakwai suna faɗa," in ji ta. "Habu yana so a raba masa gona ya yi aure, wansa ya ce sai baɗi. Ina jinsu ta bayan danga."

"Iya, kin ga jini a garmar?"

"Ko'ina jini ne, ɗan nan. Uwar da ta ga 'ya'yanta a kwance, garma za ta tsaya dubawa?"

"Shi fa, kin gan shi?"

"Na ga bayansa yana shiga cikin dawa. Kawo Alƙur'ani in dafa."

Ban kawo ba. Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Da zan tafi ta ba ni ƙullin daddawa in kai wa Inna, ta ce, "Ka ce mata ban manta da ita ba. Amma in ta yafe masa, kada ta yafe da sunana."

Tsiga, Talata da Laraba

Mun bar Malumfashi bayan sallar asuba. Muka ƙetare rafi biyu, na biyun ruwa ya kai cikin jaki, sai da muka sauke kanwa muka ɗauke ta a ka. A fadamun hanya na ga rake da takanɗa, na ga gonakin auduga sun fara farfashewa fari fat. Muka shiga Tsiga inuwa ta fara komawa gabas, aka sauke ni a gidan liman, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu, ba a karɓi ko wuri ba.

Liman ya ce mutum biyu suka rage cikin waɗanda suka ɗauko gawarwakin: Nomau maƙeri da Jatau wanzami. Ya ce ba sai na neme su dabam dabam ba, kullum suna tare a gindin rimin kasuwa, kuma shekara arba'in suna gardama a kan wannan magana.

Haka kuwa na same su da safe. Nomau ya kurumce a kunne ɗaya, Jatau ba haƙori ko ɗaya.

"Mahara ne," in ji Nomau. "Ni na ƙera garemanin gidan nan duka. Na san bakin garma. Raunin da na gani a jikin yaran nan siriri ne, na mashi."

"Ji kurman nan," in ji Jatau. "Ni da nake tsaga fatar mutane tun kana hura zuga-zugi, ni za ka koya wa rauni? Kan Mamman a farfashe yake. Mashi ke farfasa kai?"

"Na ga sawun dawaki a bakin rafi, sun yi yamma."

"Sawun dawakin waɗanda suka bi sawu ka gani. Malam, kai mai hankali ne, gaya mini. Mahara su sami samari biyu ƙarfafa, su kashe su? Ai ɗaure su suke yi su kai kasuwa. Kuma jakin Mamman na nan ɗaure, ba wanda ya taɓa shi."

"To, mutum ɗaya ya kashe uku, biyu kuma suna gudu? Habu aljani ne?"

Na tambaye su maganar garmar da aka kafa. Nan Nomau ya gyara zama.

"Tabawa 'yar masu rini ce, ba ta tashi a gidan noma ba, shi ya sa ta ga garma ta ce makami. A nan, garmar gandu ba ta mai riƙe ta ba ce. Ta maigida ce, shi ke biyan maƙeri. Ƙane yana noma da ita daga safe zuwa azahar, sannan ya tafi gayaunarsa, wato 'yar gonar kansa. Ranar da ya yi niyyar fita daga gandu, ba sai ya yi dogon zance ba. Zai kafa garmar a gaban wansa ya juya. Ya mayar da kayan mutane ke nan. Wanda ya yi kisa yakan jefar da makami ne, ba ya tsayawa ya kafa shi tsaye."

"Wannan gaskiya ne," in ji Jatau. "Al'adar ke nan. Amma wanda ya fita da fushi, me zai hana shi juyowa?"

Na ce Iya Tabawa ta ce ta ga bayansa yana shiga dawa. Su biyun suka dubi juna. Jatau ya ce a ranar ba ta faɗi haka ba, sai bayan an yi sadakar bakwai. Nomau ya gyaɗa kai. Wannan kaɗai na ji sun haɗu a kai, sai kuma al'adar garma.

Bayan azahar suka raka ni gonar, suna dogara sanda, suna zagin juna a hanya. Ba zan manta da abin da na gani ba. Gonaki sun kewaye wurin ta ko'ina, a share, a nome, dawa ta yi kai. A tsakiyarsu ga wani yanki mai kusurwa huɗu wanda ba a sa masa garma ba tun ranar. Ya zama kurmi. Itatuwan da ba wanda ya shuka sun fi kaurin mutum, kuma in ka sunkuya za ka ga sawun kunyoyin da su Kawu Mamman suke cikin yi, rabi an tayar, rabi ba a kai ba, saiwoyi sun bi ta kansu. Ɗorawar tana nan, ta yi girman da mutum huɗu ba za su rungume ta ba.  Na tsaya na karanta abin da ya sawwaƙa. Itacen nan ya ga komai, ƙasar nan ta sha jinin, kuma Allah Ya hana su magana sai ranar da Ya so.

Funtua, Alhamis

Daga Tsiga muka biyo ta Bakori, inda Tanko ya sayar da rabin kanwarsa, muka ci ƙosai na wuri biyar a bakin kasuwa. Tun muna nesa na hango dutsen Funtua ya taso daga cikin gonaki, baƙi, sumul, kamar an kifa ƙatuwar tukunya. Da muka matso sai na ga shirwa na shawagi ƙasa da ƙwanƙolinsa. Tanko ya ce ya wuce nan ya fi sau ashirin, amma har yau in ya zo gindinsa yakan rage murya.

Garin ƙarami ne. Na tambayi Habu mutumin Tsiga, ba wanda ya san shi. Sai wata mai tallar gyaɗa ta ce, "Ko Baba Mai Igiya kake nufi? Wanda ba ya noma?"

Bukkarsa tana wajen gari, jingine da dutsen. Na same shi da la'asar yana tufka igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa. Na yi sallama, ya ɗago. Fuskar Inna na gani, har da yadda take ɗan karkatar da kai in tana sauraro.

"Kawu, ni ne ɗan yayarka na fari."

Ya daɗe yana dubana. "Tana da rai?"

"Tana da rai, amma tana kwance. Ta ce in tambaye ka gafarar me kake nema."

Ya kwance igiyar daga yatsansa, ya naɗe ta a hankali, ya ajiye. Ya ce a ranar sun fara aiki tun da sassafe. Ya sake yi wa wansa maganar rabon gona, Mamman ya yi masa dariya a gaban yaran, ya ce wanda bai iya tayar da kunya a miƙe ba ina zai iya riƙe mace. Sai ya kafa garmar a gabansa ya juya.

"A shekarun nan ba a zuwa gona hannu sake," in ji shi. "A gidanmu ni ne maharbi. Kullum nakan rataye kwari da baka a reshen ɗorawa, inda hannu zai kai. Garma tasu ce, na bar musu. Kwari da baka nawa ne, na saya da gyaɗar gayaunata. Na sauke su na tafi da su. Ƙaramin yaron ma ya kira ni, ya ce, Baba Habu, bar mana bakan mana. Ban waiga ba."

Ya ce yana gayaunarsa, can ƙetaren rafi, ya ji kururuwa. Ya taho a guje, ya tsaya a cikin dawa, ya hango Tabawa tana nuna garmar tana kiran sunansa, mutane na tahowa da sanduna. Sai ya juya.

"Wa ya kashe su, Kawu?"

"Ban gani ba. Shekara arba'in ina tambayar kaina. Wata rana in ce mahara, wata rana in tuna wani da Mamman ya kora daga fadama. Ban sani ba."

"Me ya hana ka komawa ka faɗi haka?"

"In ce me? In ce ban kashe su ba, na dai ɗauke abin da za su kare kansu? A gaban Tabawa?"

Ya tashi ya yi alwala ba tare da na ce masa komai ba, ya dawo ya zauna yana fuskantar gabas.

"In kana da Littafi a jakarka, fito da shi. Zan rantse hannuna bai taɓa su ba. Amma ba zan rantse ba ni da kaso a jininsu ba."

Akwai shi a jakata. Na sa hannu har na taɓa gafakar, sai na fasa. Kwana uku kafin wannan wata tsohuwa ta nemi in ba ta shi ta dafa a kan akasin wannan magana. Su biyun ƙafarsu ɗaya tana kabari, su biyun suna tsoron Allah, na ga haka a idonsu. Na ji tsoron in zama sanadin halakar ɗayansu. Muka yi sallar magariba tare, ya ja ni gaba, ya ce shi bai taɓa yi wa kowa limanci ba.

Komawa gida

Na bar Funtua ranar Asabar da wani ayari mai ɗauke da auduga, domin Tanko ya wuce Zazzau. Ban tsaya ko'ina ba sai don kwana. A rana ta huɗu, da la'asar, na hango kukokin Matazu. Na tarar da Inna ta ƙara ramewa, amma hankalinta garau. Ta hana ni wanke ƙafa, ta ce in zauna.

Na ba ta daddawar Iya Tabawa da saƙonta, ban rage komai ba. Na faɗi ta maƙeri, na faɗi ta wanzami, na faɗi ta Kawu Habu, kowanne yadda ya fito daga bakin mai shi. Ta rufe ido tana ji.

"To, kai me ka gani, Malam?"

"Inna, na tafi da tambaya ɗaya, na dawo da ita. Allah kaɗai Ya san wanda ya yi."

Ta buɗe ido ta dube ni. Sannan ta ce, "Ya tsufa?"

"Ya tsufa. Kamarku ɗaya."

"Yana da mai dafa masa?"

"Ba shi da kowa."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonta zuwa kunne. Ta ce in ɗauko tawada da alƙalami, in rubuta yadda za ta faɗa, kada in gyara mata.

"Ka ce, Habu." Ta tsaya, kamar sunan ya yi mata nauyi a harshe. "Ka ce, Habu, yayarka ta yafe maka kwari da baka, duniya da lahira. Wannan ka roƙa, wannan nake da ikon bayarwa. In akwai saura, ba nawa ba ne. Na Mamman ne da 'ya'yansa, kuma za ku haɗu."

Na rubuta, na karanta mata, ta ce haka ne. Kashegari na ba da takardar ga wani amintacce da ya nufi kudu da shanu. Inna ta sha kunu a ranar, rabin ƙwarya, abin da ta yi wata guda ba ta yi ba.

Ina gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni na same ta da numfashi. Ina gode wa Tanko, da limamin Tsiga, da tsofaffin da suka buɗe mini abin da ya fi sauƙi su bar shi a rufe. Ku kuma da za ku karanta, kada wani ya ce na wanke Kawu Habu, kada wani ya ce na kama shi. Ku sa shi a addu'a, ku sa Iya Tabawa, ku sa mutum ukun da ke kwance a Tsiga. Allah Ya jiƙan su, Ya sa mu cika da imani.